Sharhi: Ingila ta iya renon matasa, saura filin da za su taka leda

A ƙarshen watan Yunin 2025, a birnin Bratislava na ƙasar Slovakia, tawagar Ingila ta 'yan ƙasa da shekaru 21 ta doke takwararta ta Jamus da ci 3-2 bayan ƙarin lokaci, ta ɗauki kofin nahiyar Turai karo na biyu a jere.

Shekaru biyu kafin nan ta ci wannan kofi a ƙasar Georgia, ba tare da an zura mata ƙwallo ko ɗaya ba a wasanni shida.

Idan aka haɗa da kofunan duniya biyu na matasa da ta ɗauka a 2017, da na Turai na 'yan ƙasa da shekaru 19 da ta ci a 2017 da 2022, ƙasashe ƙalilan ne za su iya nuna irin wannan tarin kofuna a cikin shekaru takwas.

Sai dai kuma babbar tawagar maza, wadda dominta ake duk wannan ɗawainiya, ta shafe tsawon lokacin da ke tsakanin 1966, lokacin da ta doke Jamus ta Yamma da ci 4-2 a filin Wembley, da ƙarshen 2025, ba ta ɗaga wani babban kofi ba.

Shekaru 20 da suka wuce kukan da ake yi a Ingila shi ne babu yara masu iya sarrafa ƙwallo. Wannan kuka ya kau. Wanda ya maye gurbinsa ya fi wuyar magani, domin ya shafi abin da ke faruwa da yaro bayan ya cika shekaru 18, kuma masu yanke hukunci a kansa a wannan lokaci ba hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wato FA, suke yi wa aiki ba.

Inda aka faro

A daren 21 ga watan Nuwamban 2007 Croatia ta bi Ingila har gida ta doke ta da ci 3-2, abin da ya hana ta zuwa gasar Turai ta 2008. Washegari aka sallami kociya Steve McClaren.

Ba a gama jimamin wannan ba sai Jamus ta lallasa ta da ci 4-1 a Bloemfontein, a gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu.

Abin da ya fi yi wa Ingila ciwo shi ne cewa matasa ne suka yi mata wannan aika-aika. Manuel Neuer da Mesut Ozil da Sami Khedira da Jerome Boateng duk suna cikin waɗanda suka ci Ingila 4-0 a wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da shekaru 21 a 2009. Jamus ta sake fasalin makarantunta na ƙwallo bayan kunyar da ta sha a gasar Turai ta 2000, kuma a 2014 waɗannan yara suka kai mata kofin duniya gida.

Ba wai Ingila ba ta taɓa gwadawa ba. Daga 1984 zuwa 1999 hukumar FA tana da makarantar kwana a Lilleshall, wadda ta yaye irin su Sol Campbell da Michael Owen da Joe Cole da Jermain Defoe. Amma yara kaɗan take ɗauka a kowace shekara.

A 1997 Howard Wilkinson, daraktan fasaha na hukumar a lokacin, ya kawo tsarin da ya miƙa renon yara ga kulob-kulob, kowanne da makarantarsa. Wannan shawara ita ce tushen duk abin da ya biyo baya, mai kyau da marar kyau. Tun daga ranar, FA ta zama mai jiran abin da wasu suka shuka.

A daidai wannan lokaci kuɗin talabijin suka fara kwarara cikin gasar Firimiya da aka kafa a 1992, sannan hukuncin Bosman na 1995 ya buɗe ƙofa ga 'yan wasan Tarayyar Turai.

A makon farko na gasar, 'yan wasa 13 ne kawai daga wajen Birtaniya da Ireland suka fara wasa. Ranar 26 ga Disamban 1999 Chelsea ta fito da 'yan wasa 11 babu ɗan Birtaniya ko ɗaya. A watan Fabrairun 2005 Arsenal ta yi haka har da masu zaman benci.

Gyaran 2012

Martanin da aka mayar ya zo ne ta fuska biyu.

Gasar Firimiya ta fito da wani shiri na renon zaratan 'yan wasa, wanda ake taƙaita sunansa da EPPP, ya fara aiki a 2012. Shirin ya kasa makarantun kulob-kulob aji huɗu, bisa la'akari da kuɗin da suke kashewa, da yawan masu horarwa, da filaye, da likitoci, da karatun boko. Ya ƙara sa'o'in horo sosai, sannan ya sassauta wa makarantun aji na ɗaya tsohuwar dokar da ta hana ɗaukar yaron da gidansu ya fi tafiyar minti 90.

Da shirin ya cika shekaru goma, hukumar gasar ta ce kusan fam biliyan biyu aka zuba a harkar.

Ita kuwa FA a watan Oktoban 2012 ta buɗe cibiyarta ta St George's Park kusa da garin Burton, a kan fam miliyan 105, inda duk tawagogin ƙasar, manya da ƙanana, maza da mata, suke atisaye wuri guda. Faransa ta yi irinta a Clairefontaine tun 1988.

A watan Satumban 2013 shugaban hukumar na lokacin, Greg Dyke, ya gabatar da jawabin da har yanzu ake tunawa da shi. Ya ce 'yan wasan da suka cancanci buga wa Ingila sun faɗi daga kashi 69 cikin ɗari na masu fara wasa a gasar Firimiya zuwa kashi 32 a cikin shekaru 20. Ya kuma kafa buri biyu: zuwa wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 2020, da cin kofin duniya na 2022.

Jaridu sun yi masa dariya, kuma abin da ya biyo baya bai taimake shi ba. A 2014 Ingila ta dawo daga Brazil da maki ɗaya tak. A 2016 Iceland, ƙasar da yawan mutanenta bai kai dubu 400 ba, ta fitar da ita daga gasar Turai.

Amma a ƙarƙashin ƙasa aiki na tafiya. A ƙarshen 2014 Dan Ashworth da Gareth Southgate, wanda ke riƙe da 'yan ƙasa da shekaru 21 a lokacin, suka gabatar da salon wasa guda da ake so kowace tawagar matasa ta bi: a riƙe ƙwallo, a faro daga baya, a daina dogon bugu na a-kai-ta-gaba-kawai da aka san Ingila da shi.

Sakamakon ya bayyana a 2017. A watan Yuni 'yan ƙasa da shekaru 20 suka doke Venezuela da ci ɗaya mai ban haushi a Koriya ta Kudu. A watan Oktoba 'yan ƙasa da 17 suka farfaɗo daga ci biyu da nema, suka lallasa Spaniya 5-2 a birnin Kolkata na Indiya.

Babbar tawagar ma ta motsa. A ƙarƙashin Southgate ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2018, da wasan ƙarshe na gasar Turai sau biyu, a 2021 da 2024. Burin Dyke na farko ya cika har da ƙari. Na biyun ya tsaya a hannun Faransa, a wasan dab da na kusa da na ƙarshe a Qatar.

Ƙofar da ba ta buɗuwa

Masu nazarin harkar na yawan jan hankali ga wani lissafi mai sauƙi. Tawagogin nan biyu da suka ci kofin duniya a 2017 sun ƙunshi 'yan wasa 42. Bayan shekaru bakwai, lokacin da ya kamata a ce suna kan ganiyarsu, biyu ne kawai daga cikinsu suka fara wasan ƙarshe da Spaniya a Berlin: Phil Foden da Marc Guehi.

Gaskiya ne cewa ko'ina a duniya yawancin zakarun matasa ba sa kai labari. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekaru 17 har sau biyar tsakanin 1985 da 2015, amma Super Eagles ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar manya ba. Ita kanta Ingila ta ci kofin Turai na 'yan ƙasa da 21 a 1982 da 1984, ba abin da ya biyo baya.

Sai dai ta Ingila tana da sababi na musamman, wato arzikin gasarta.

Kociyan da ke gasar Firimiya ya san cewa faɗuwa daga gasar na iya jawo wa kulob asarar kuɗi masu ɗimbin yawa, kuma ya san rashin nasara biyar ko shida a jere sun isa a kore shi. Idan yana buƙatar ɗan baya, yana da zaɓi biyu: yaro ɗan shekara 19 da zai yi kurakurai kafin ya ƙware, ko ɗan shekara 26 da ya riga ya yi nasa kurakuran a Faransa ko Portugal ko Brazil. Kuɗin sayen na biyun suna nan. Da wuya a zargi wanda ya zaɓe shi.

A 2023 Southgate ya koka cewa 'yan Ingila a gasar sun koma kimanin kashi 32 cikin ɗari, wato adadin da Dyke ya yi kuka da shi shekaru goma kafin nan. An kashe kusan fam biliyan biyu, yaran sun fi na da iya wasa, amma kujerun ba su ƙaru ba.

Dokar da aka kafa a 2010, wadda ta hana kulob yin rajistar fiye da 'yan wasa 17 da ba renon gida ba a cikin 25, ba ta yi maganin abin ba, domin renon gida a wurinta ba ya nufin ɗan ƙasa. Duk wanda ya yi kaka uku a wani kulob na Ingila ko Wales kafin ya cika 21 ya shiga. Cesc Fabregas, wanda ya ci wa Spaniya kofin duniya, renon gida ne a idon wannan doka.

Babu misalin da ya fi na Chelsea fito da lamarin fili. Makarantarta da ke Cobham ta yi shekaru tana lashe kofin matasa na FA, amma kusan babu mai samun gurbi a babbar tawaga tun bayan John Terry.

A 2019 hukumar FIFA ta haramta wa kulob ɗin sayen 'yan wasa. Dole ta sa Frank Lampard ya juya ga Mason Mount da Tammy Abraham da Fikayo Tomori da Reece James. Suka ƙare kakar a matsayi na huɗu. A 2021 Mount da James suna cikin waɗanda suka fara wasan da Chelsea ta ci kofin zakarun Turai, kuma Mount ne ya bayar da ƙwallon da aka ci.

Yaran suna nan tun da daɗewa. Hukunci ne ya buɗe musu ƙofa, kuma da aka ɗage shi sai ƙofar ta fara komawa. A 2020 kulob ɗin ya kashe fiye da fam miliyan 200 a kasuwa. A 2021 aka sayar da Abraham ga Roma, Tomori ga AC Milan, Guehi ga Crystal Palace, Tino Livramento kuma ga Southampton.

Wasu yaran ba su tsaya jira ba. Jadon Sancho ya bar Manchester City zuwa Borussia Dortmund a 2017 yana da shekaru 17. Jude Bellingham, wanda ya fara buga wa Birmingham yana da 16, shi ma Dortmund ya zaɓa a 2020 duk da zawarcin Manchester United, kafin Real Madrid ta ɗauke shi a 2023.

Cole Palmer bai fita ƙasar ba, amma sai da ya bar City zuwa Chelsea a 2023 kafin a san shi. A kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 22 a gasar Firimiya, shi ne kuma ya farke wa Ingila a wasan ƙarshe na 2024.

Foden ne kusan kaɗai ya zauna a babban kulob ba tare da an ba da shi aro ba har ya zama gwarzon gasar a 2024. A ɗaya gefen akwai Rhian Brewster, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a Indiya da guda takwas. Liverpool ta sayar da shi ga Sheffield United a 2020 bai buga mata wasan Firimiya ko ɗaya ba, raunuka kuma suka biyo baya.

Spaniya da Jamus suna rage wannan giɓi ne ta hanyar barin tawagogi na biyu na manyan kulob su fafata da manya a ƙananan rukunoni. Kwamitin Dyke ya kawo irin wannan shawara a 2014, ƙananan kulob da magoya bayansu suka yi fatali da ita, suna cewa ba za a mayar da kulob mai shekaru ɗari filin atisayen yaran wani ba. Suna da hujja. Abin da aka iya samu shi ne shigar da tawagogin matasa cikin wata gasar kofi ta ƙananan rukunoni daga 2016, wadda 'yan kallo da dama suka ƙaurace wa.

Yaro ya zama haja

Dokar kuɗi ta ƙara dagula lissafin. A ƙarƙashin ƙa'idar da ta hana kulob yin asarar fiye da fam miliyan 105 a cikin shekaru uku, an zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023 zuwa 2024.

A littafin akanta, ɗan wasan da aka saya yana da farashi da ake cirewa kafin a lissafa riba. Wanda aka rena a gida ba shi da shi, saboda haka duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa. Kulob ɗin da ya shiga matsi a ƙarshen watan Yuni ya san wanda zai fara sa wa a kasuwa.

Haka Chelsea ta rabu da Mount a 2023, da Conor Gallagher a 2024, wanda ya shiga makarantarta tun yana ɗan shekara takwas. Haka Newcastle ta sayar da Elliot Anderson ga Nottingham Forest a 2024, kociya Eddie Howe yana cewa ba da son ransa ba.

Ba kullum ne hakan ke cutar da tawagar ƙasa ba. Anderson ya samu wasa a kai a kai a Forest, ya ci kofi a Bratislava, kafin shekarar 2025 ta ƙare kuma ya zama ɗan tsakiyar da ake fara wasa da shi a babbar tawaga. Amma sa'a ce ta yi wannan, babu wanda ya tsara shi. Makarantar da aka gina domin ta ciyar da kulob da 'yan wasa ta koma wurin da ake cike giɓin kasafi.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta ƙara wani abu. Daga watan Janairun 2021 kulob-kulob na Ingila ba su da ikon ɗauko yaron da bai kai 18 ba daga waje. Sai manyan suka koma farautar yaran juna da na ƙanana. Liverpool ta ɗauke Rio Ngumoha daga Chelsea a 2024, kuma a watan Agustan 2025 ya ci mata ƙwallon nasara a gidan Newcastle yana da shekaru 16.

Waɗanda aka sallama

Ƙananan kulob sun ga wannan tun da wuri. Lokacin da aka kaɗa ƙuri'a kan shirin EPPP a watan Oktoban 2011, 46 suka amince, 22 suka ƙi, wasu kuma suka ce barazanar janye tallafi ce ta sa suka ɗaga hannu.

Shirin ya ƙayyade diyyar da za a biya idan babban kulob ya ɗauke yaro: fam 3,000 kan kowace shekara ta horo tsakanin shekaru tara zuwa 11, da fam 12,500 zuwa 40,000 tsakanin 12 zuwa 16. Wycombe ta rufe makarantarta a 2012. Brentford ta rufe tata a 2016, tana cewa ba za ta yi ta kiwo wasu na yanka ba, ko da yake ta sake buɗewa bayan ta hau gasar Firimiya.

Abin lura shi ne yawancin ginshiƙan tawagar Southgate ba ta miƙaƙƙiyar hanya suka zo ba. Arsenal ta sallami Harry Kane yana yaro, kuma sai da ya yi zaman aro a Leyton Orient da Millwall da Norwich da Leicester. Chelsea ta sallami Declan Rice yana da 14. Jordan Pickford ya tsare raga a Darlington da Alfreton. Ollie Watkins, wanda ya ci Holland a minti na 90 a wasan kusa da na ƙarshe na 2024, daga Exeter ya fito. Idan ƙananan rukunonin nan suka raunana, babu inda wanda aka yi kuskure a kansa zai sake tashi.

Waɗannan su ne masu sa'a. Marubucin wasanni Michael Calvin ya lissafa a 2017 cewa daga yara miliyan ɗaya da rabi da ke buga ƙwallo a tsare a Ingila, 180 ne za su zama 'yan wasan Firimiya. Sauran dubban da aka ɗauka tun suna shekara tara, aka riƙa fitar da su daga aji zuwa atisaye, wata rana ake kiran iyayensu ofis a ce an gode.

A 2022 Crystal Palace ta fara shirin kula da waɗanda ta sallama har tsawon shekaru uku, a 2023 kuma Trent Alexander-Arnold ya kafa wani na nema musu aiki. Cewa sai da ɗan wasa ya tashi da kansa ya nuna girman abin da aka bari.

Wace ƙasa za su zaɓa?

Akwai kuma wata ƙofar da Ingila ke asara ta cikinta. Yawancin ƙwararrun yaran suna fitowa ne daga unguwannin baƙin haure, musamman kudancin London, inda ake koyon yanka a ƙananan filaye masu shingen ƙarfe. Da yawa suna da ƙasa biyu ko uku da za su iya buga wa.

Ademola Lookman yana cikin zakarun 2017 a Koriya ta Kudu. Babbar tawaga ba ta kira shi ba, a 2022 ya koma Najeriya. A watan Mayun 2024 ya ci ƙwallo uku rigis a wasan ƙarshe na kofin Europa, a Disamba kuma aka naɗa shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Victor Moses da Alex Iwobi da Ola Aina duk sun sa rigar matasan Ingila kafin Super Eagles, kamar yadda Tariq Lamptey ya yi kafin Ghana.

Wadda ta fi zafi ita ce ta Jamal Musiala, wanda ya yi shekaru takwas a makarantar Chelsea, ya buga wa 'yan ƙasa da 21 na Ingila, sannan ya zaɓi Jamus a 2021. Michael Olise, haifaffen London, Faransa ya bi. Folarin Balogun ya tafi Amurka a 2023.

Ingila ma tana cin moriyar wannan doka, domin Rice ya buga wa Ireland wasanni uku kafin ya sauya sheƙa. Ta kuma riƙe Bukayo Saka da Eberechi Eze da Kobbie Mainoo. Amma zagin wariyar launin fata da aka yi wa Saka da Sancho da Marcus Rashford a intanet, bayan sun zubar da fenariti a wasan ƙarshe na 2021, ba abu ne da iyayen yara masu tasowa suka manta ba.

Tsakiyar fili da bakin layi

Ko da an warware duk waɗannan, akwai tambayar irin 'yan wasan da makarantun ke fitarwa. Masu kai hari ta gefe da masu wasa a bayan ɗan gaba sun yi yawa har ana rasa inda za a sa su. Wanda zai zauna a tsakiya ya riƙe ƙwallo, ya sassauta wasa idan ya yi zafi, shi ne ya yi ƙaranci.

Manyan wasanni ukun da Ingila ta rasa sun yi kama da juna. A 2018 ta ci Croatia a minti na biyar, sannan Luka Modric ya karɓe ragamar wasan. A 2021 ta ci Italiya a minti na biyu, ta koma baya, Jorginho da Marco Verratti suka yi ta juya ta. A 2024 Spaniya ta riƙe ƙwallo fiye da kashi 60 cikin ɗari, duk da cewa Rodri ya fita a hutun rabin lokaci. A wannan gasa sai da Southgate ya gwada mutum uku a gefen Rice: Alexander-Arnold, wanda ɗan baya ne, sai Gallagher, sai Mainoo mai shekaru 19.

Haka abin yake a bakin layi. Ɗaya daga cikin dalilan gina St George's Park shi ne yaye masu horarwa, amma daga 1992 zuwa 2025 babu kociya ɗan Ingila da ya ci gasar Firimiya. Na ƙarshe da ya ci babbar gasar ƙasar shi ne Wilkinson ɗin nan, da Leeds, a 1992. Kofin League da Howe ya ci a watan Maris na 2025 shi ne babban kofin gida na farko da ɗan Ingila ya ɗauka tun na Harry Redknapp a 2008.

Da Southgate ya ajiye aiki bayan wasanni 102, FA ta ba Lee Carsley, mai kofin 2023, riƙon ƙwarya, sannan a watan Oktoban 2024 ta naɗa Bajamushe Thomas Tuchel, baƙo na uku bayan Sven-Goran Eriksson da Fabio Capello.

Spaniya ta bi akasin wannan hanya. Luis de la Fuente ya ci kofin Turai da 'yan ƙasa da 19 a 2015, da 'yan ƙasa da 21 a 2019, kafin a ba shi manya. Rodri da Unai Simon da Fabian Ruiz da Dani Olmo da Mikel Oyarzabal, wanda ya ci Ingila a minti na 86, duk yaransa ne tun suna ƙanana.

Masu kare matakin FA na nuni da tawagar mata, wadda ta ci kofin Turai a 2022 da 2025 a hannun 'yar Holland, Sarina Wiegman. Suna kuma nuni da cewa a 2025 Ingila ta ci duk wasanninta takwas na neman gurbin kofin duniya ƙarƙashin Tuchel, ba a zura mata ko ɗaya ba. Masu suka kuma na tunatar da cewa daga 1930 zuwa 2022 babu ƙasar da ta ci kofin duniya na maza da kociya baƙo.

A 2028 Birtaniya da Ireland za su karɓi baƙuncin gasar Turai, kuma a Wembley za a buga wasan ƙarshe. Zakarun 2023 da 2025 za su kasance tsakanin shekaru 21 zuwa 28 a lokacin, shekarun da ɗan wasa ya fi ƙarfi.

Nawa daga cikinsu za su isa can da wasanni ɗari ko ɗari biyu na babbar gasa a ƙafafunsu, wannan ba a St George's Park za a yanke shi ba. Za a yanke shi ne a ofisoshin kulob 20, waɗanda fiye da rabinsu ke hannun masu kuɗi daga Amurka da ƙasashen Larabawa da sauran sassan duniya, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya sayi kulob domin Ingila ta ci kofi.